Ranar da Aka Duba Mana Gida a Hawa na 14

Shekara shida muka yi muna zaman haya a birnin Toronto na ƙasar Kanada, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu, kafin abin da muka tara ya kai a ba da shi kafin alƙalami na sayen muhalli. Gida mai zaman kansa, mai fili gaba da baya, ya fi ƙarfin aljihunmu nesa ba kusa ba, saboda haka muka karkata ga abin da mutanen nan suke kira kondo, wanda maiɗakina har yau take ce masa kwando. Shi kondo sashe ne guda a cikin dogon bene, mutum yana mallakarsa da sunansa, yana iya sayarwa ko ya bar wa magada, amma ginshiƙai da rufi da lif da matakala da wurin ajiye motoci duk na taron masu gidajen ne, kuma kowa yana zuba kuɗi duk wata domin kula da su. Da na yi wa yayana wannan bayani a waya, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ƙanena, filin kuma na wa?" Na ce masa na kowa ne, Yaya. Ya ce Allah ya sa alheri, amma muryarsa ta nuna bai gamsu ba.

Wanda muka samu yana unguwar Scarborough, cikin wani bene da aka gina a tsakiyar shekarun 1970, mai ɗakunan kwana biyu da falo mai faɗi irin wanda ba a cika samu a sababbin gine-gine ba. Dillaliyarmu ta gaya mana cewa masu saye da yawa ba sa wahalar da kansu da kawo mai duba gida idan kondo ne, tunda babu rufi ko harsashi da za a duba. Na kusa yarda da ita. Abin da ya hana ni shi ne tunawa da lokacin da mahaifinmu ya sayi gida a Zariya ina yaro: sai da ya ɗauko magini ya ƙwanƙwasa kowane bango, ya hau soro, ya leƙa rijiya, sannan aka zauna da maƙwabta aka ji tarihin gidan kafin a je gaban mai unguwa. Haka kuma lauyarmu ta ja mini kunne cewa a lardin Ontariyo, inda Toronto take, kwana goma na sake shawara da doka ta tanada ya shafi sabon kondo ne da aka saya daga hannun kamfanin gini. Wanda aka saya daga hannun wani, da zarar an sa hannu ba tare da sharaɗi ba, ciniki ya faɗa. Don haka muka rubuta a takardar tayi cewa ciniki ba zai tabbata ba sai mun gamsu da binciken gidan da kuma takardun ginin, aka ba mu kwana biyar na aiki.

Neman mai duban ma sai da ya ɗauki yini guda. Majalisar lardin ta zartar da dokar tsara wannan sana'a tun 2017, amma lokacin da muke neman gida ba a fara aiki da ita ba, ma'ana duk wanda ya sayi tocila da tsani yana iya buga kati ya ce shi mai duba gidaje ne. Na ƙi karɓar wanda dillaliya ta ba ni, ba don ina zarginta da komai ba, sai don na san abincinta yana ga faɗuwar ciniki. Na nemo wani dattijo ɗan ƙungiyar masu duba gidaje ta lardin, wanda ya yi shekaru yana aikin gini kafin ya koma wannan, na roƙe shi ya aiko mini da samfurin rahoton da ya taɓa rubutawa, na karanta, muka shirya a kan dala 400 ban da haraji.

Mun haɗu da shi a harabar ginin da ƙarfe tara na safe, cikin watan Fabrairu, ana tsananin sanyi. Kafin ya taɓa komai ya miƙo mini yarjejeniya mai shafi uku ya ce in karanta a tsanake. Abin da ke ciki ya ɗan sanyaya mini gwiwa. Binciken na ido ne kawai, ba zai fasa bango ba, ba zai ɗaga tayil ba, ba zai matsar da kayan mai gida ba, kuma idan daga baya aka gano wani aibi da ya kuskure, iyakar abin da zan iya nema a hannunsa shi ne kuɗin da na biya shi. Sakin layi na ƙarshe ya ce aikinsa ya tsaya ne a cikin sashen da za mu saya, duk abin da yake na taro ba ya cikin rahoto. Na sa hannu ina tambayar kaina ko dillaliya ba ta yi gaskiya ba. A cikin lif ya nuna mini cewa babu maɓallin hawa na 13, daga 12 sai 14, saboda camfin da Turawa suke yi da wannan lamba, ya ce mu sani cewa a gaskiya hawa na goma sha uku za mu zauna. Maiɗakina ta ce mu ba ruwanmu da wannan.

Ya fara ne tun daga ƙofar shiga. Ya buɗe ta ya sake, ya tsaya yana kallo har ta rufe da kanta ta kama, ya ce ƙofar irin wadda take tare wuta ce, kuma idan ba ta rufewa da kanta amfaninta ya ragu ranar gobara. Akwai iska mai sanyi da ke shigowa ta ƙarƙashinta, na ce masa wannan zan toshe shi da zarar mun tare. Ya ce kada in kuskura, domin a irin waɗannan benaye ana hura iska ne cikin farfajiyar kowane hawa da gangan, ita ce take shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ta zama sabuwar iskar gida, ita ce kuma take hana ƙamshin girkin wani ya fita ya shiga gidan wani. Maiɗakina, wadda take tunanin daddawa da suyar manja, ta ji daɗin wannan bayani ƙwarai.

Kayan kicin bai ɓata lokaci a kansu ba. Ya kunna murhun lantarki duka kawunansa huɗu, ya sa injin wanke kwanuka ya yi zagaye guda, ya auna sanyin firiji, ya rubuta lambobin jikinsu domin ya gano shekarunsu. Ya durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke da tocila yana neman wani bututun roba mai launin lemo da shuɗi da aka yi yayinsa tsakanin 1995 da 2007, wanda mahaɗansa suke ruɓewa har gine-gine da dama a Toronto suka tilasta wa masu gidaje canza shi da kuɗinsu. Bai same shi ba, namu na jan ƙarfe ne. Abin zuƙe hayaƙi da ke saman murhu kuwa ya nuna mana cewa ba waje yake fitar da hayaƙin ba, tacewa kawai yake yi ya mayar cikin ɗaki. Ƙararrawar hayaƙi ya sauko da ita ya duba kwanan watan da ke bayanta, ta haura shekara goma, wato ta gama aikinta ko da tana kuka idan an danna ta.

A wajen wutar lantarki ne fuskarsa ta fara canzawa. Ya kwance murfin akwatin rarraba wuta, wanda har yanzu yake da fiyus irin na da da ake murɗawa, ya haska, ya kira ni in matso amma in riƙe hannuwana a baya. Wayoyin da ke ciki farare ne, ba jajaye ba. Ya ce daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa ƙarshen na 1970 jan ƙarfe ya yi tsada, sai magina a Kanada da Amurka suka koma ga wayar alminiyam. Ita kanta wayar tana ɗaukar wuta lafiya, matsalar tana wurin mahaɗa: alminiyam yana kumbura idan ya ɗumama ya tsuke idan ya huce fiye da jan ƙarfe, yana kuma yin wata fata idan iska ta taɓa shi, saboda haka a hankali noti yake sakin waya, wurin ya riƙa zafi. Ya bi sokets ɗin gidan ɗaya bayan ɗaya da wata 'yar na'ura mai fitilu uku, sannan ya kwance guda uku domin ya ga bayansu. Biyu daga cikinsu sababbi ne fil, an canza su lokacin da aka yi wa gidan kwalliyar sayarwa, amma irin waɗanda aka ƙera don jan ƙarfe ne, aka ɗaura musu alminiyam kai tsaye. Na ɗakin da muka riga muka ware wa yara, robar bayansa ta yi baƙi ta narke a gefe guda. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, a nan fa gadon ƙaramin zai zauna." Dattijon ya ce abin yana gyaruwa ba tare da an zare wayoyin gidan duka ba, ma'aikacin lantarki mai lasisi zai bi kowace mahaɗa ya gyara ta da kayan da suka dace, hukumar kula da lafiyar lantarki ta lardin ta zo ta duba ta ba da takarda, kuma kamfanin inshora zai iya neman wannan takarda kafin ya karɓe mu.

Banɗaki ya ci kusan minti arba'in shi kaɗai. Ya cika bahon wanka da ruwa ya bar shi, ya buɗe famfon wanke hannu ya kora masai a lokaci guda domin ya ga ko ƙarfin ruwa zai faɗi, ya manna takardar goge hannu a bakin fankar silin ya ga ko za ta riƙe ta, ba ta riƙe ba. Ya sa gwiwa ya ture masai, ya ɗan motsa. Sannan ya ciro na'urar auna danshi ya riƙa ɗora ta a jikin tayil, tana shiru, har ya iso layin ƙasa kusa da famfon wanka, nan ta fara kuka. Kyamararsa mai ganin zafi da sanyi ta nuna wurin da duhu kamar tafin hannu biyu. Ya ce ruwa yana bi ta tsagar da ke tsakanin baho da tayil yana jiƙa allon da ke baya, amma girman ɓarnar ba zai san shi ba sai an fasa, shi kuwa ba ya fasawa.

A nan ne ya yi mana wata magana da ba ta cikin aikinsa, wadda na fi amfana da ita fiye da rabin rahoton. Ya ga maiɗakina tana duba inda za ta ajiye buta, sai ya ce ya duba gidajen Musulmi da yawa, kuma yana so mu lura cewa daɓen banɗakin nan ba shi da magudana, ba a kuma yi shi domin ruwa ya kwanta a kansa ba. Duk ruwan da ya zuba wajen alwala ko wanki, idan ba a goge shi ba, hanya zai nema ta gindin masai ko bakin bango ya sauka kan silin na wanda ke ƙasa. Ya ƙara da cewa 'yar tiyon tsarki da ake haɗawa da bututun masai, idan ta fashe ba kowa a gida, tana iya jiƙa hawa uku ko huɗu kafin a ankara, kuma dokokin gine-gine da yawa suna ba kwamitin da ke gudanar da ginin damar ɗora wa wanda ruwan ya fito daga gidansa kason farko na asarar da inshorar ginin ba ta biya. Ya nuna mana makullan ruwa na gidan gaba ɗaya, a bayan wani ƙaramin murfi, ya ce ba zai murɗa su ba don sun tsufa, suna iya fara yoyo a hannunsa, amma mu sa a canza su kafin mu tare.

Na'urar ɗumama da sanyaya ɗaki tana cikin kusurwar falo a bayan murfin ƙarfe. Ginin ne yake turo mata ruwan zafi da hunturu, ya juya zuwa ruwan sanyi idan bazara ta shigo, ita kuma fanka ce kawai take hura iska ta kan bututun. Saboda haka a Fabrairu babu yadda za a gwada sanyinta, ya kuma rubuta haka. Farantin da ke tare raɓa a ƙasanta ya yi tsatsa, akwai kuma ɗigon baƙi a jikin soson da ke ciki mai kama da funfuna. Tagogi biyu sun yi hazo a tsakanin gilasansu, alamar iska ta shiga, amma ya ce a yawancin gine-ginen lardin taga da baranda na taro ne ko da kai kaɗai kake amfani da su, ba ka da ikon canza su, sai dai ka rubuta wa kwamiti ka jira layi. Silin mai ƙuraje irin na wancan zamani ya ce kada mu kankare shi sai an kai samfuri ɗakin gwaji, domin ana iya samun asbestos, wani sinadari da ƙurarsa take cutar da huhu, a cikinsa. Ya kuma lura an cire bangon da ke tsakanin kicin da falo, ya ce a tambayi mai sayarwa ko ya nemi izinin kwamiti kafin ya yi.

Da muka gama, ya naɗe tsaninsa, sai ya ce tunda wurin ajiye mota da ɗan ɗakin ajiyar kaya suna cikin ciniki, bari mu sauka mu gan su. Wurin motarmu yana hawa na biyu a ƙarƙashin ƙasa. Ni lambar da ke jikin bango nake nema, shi kuwa sama yake kallo. Ya haska mini silin, inda kankare ya ɓare kamar faɗin tabarma, rodi ya fito fili ya yi ja da tsatsa, wani farin abu kamar kanwa yana tsiyaya daga tsagogi, an ma rataya kwano a wani wuri don kada ya ɗiga a kan motoci. A can ƙurya akwai sandunan ƙarfe guda shida da aka kafa suna tallafe da wani ginshiƙin kwance. Ya ce duk hunturu motoci suna shigowa da dusar ƙanƙara haɗe da gishirin da ake watsa wa tituna, ta narke, ruwan gishirin ya ratsa kankare ya isa rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Ya tuna mini da garin Elliot Lake a arewacin lardin, inda a watan Yuni na 2012 rufin wata cibiyar kasuwanci da ake ajiye motoci a kansa ya rufta ya kashe mata biyu, bayan shekaru ana fama da yoyon ruwa da gishiri. Sannan ya ce, "Ni ba injiniya ba ne, wannan kuma ba ya cikin abin da ka biya ni, ba za ka gan shi a rahotona ba. Sandunan nan suna nuna cewa akwai wanda ya san da matsalar. Ka ce wa lauyarka ta nemo ta a takarda."

Rahoton ya iso da daddare, shafi talatin da wani abu cike da hotuna, kowane aibi an sa masa alamar ko na gaggawa ne ko na lura. Kamar yadda ya faɗa, babu kalma ɗaya a kan wurin ajiye motoci. A daren na daɗe ban yi barci ba, ina tuna benen nan mai hawa 12 da ya rufta a garin Surfside na jihar Fulorida a Amurka ranar 24 ga Yuni, 2021, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 wani injiniya ya rubuta wa masu gidajen cewa kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya ya yi mummunan lalacewa, aka ɗauki lokaci ana ja-in-ja a kan kuɗin gyara, wanda ya kai kimanin dala miliyan 15. Duk wanda ya sayi sashe a wannan gini a tsakanin shekarun, da ya kawo mai duba gida, da sokets da famfuna za a duba masa.

Takardar da lauyarmu take buƙata ita ce wadda dokar kondo ta Ontariyo ta 1998 ta wajabta wa kowane gini ya bayar cikin kwana goma ga wanda ya nema, a kan kuɗin da bai wuce dala 100 ba. Mai sayarwa ya riga ya nemo ta, don haka ba mu jira ba. Tana zuwa ne da tarin takardu: kasafin shekara, rahoton masu binciken kuɗi, dokokin zama, shaidar inshora, bayanin ko ana bin sashen bashi ko ginin yana cikin shari'a, da adadin abin da ke asusun ajiya na manyan gyare-gyare, wanda doka ta ce a riƙa sabunta nazarinsa duk shekara uku. Lauyar ta kira ni washegari da yamma. Ta ce ba a bin sashen ko sisi, bangon kicin kuma an cire shi da izini, amma akwai sakin layi guda da ya ce kwamiti ya karɓi rahoton injiniya a kan wurin ajiye motoci, kuma abin da ke asusu ba lallai ya isa aikin ba, saboda haka ana iya ƙara kuɗin wata ko a raba wa masu gidaje karo-karo na musamman. Ta ce in fahimci cewa idan aka yanke karo-karon bayan na karɓi makulli, ni zan biya ba wanda ya sayar ba, kuma wanda ya ƙi biya ginin yana da ikon ɗora haƙƙinsa a kan gidan, haƙƙin da yake gaba da na bankin da ya ba da bashi. Da ban gaya mata abin da na gani a ƙasa ba, in ji ta, da za ta ambaci layin ne kawai ta wuce, domin irin wannan lafazi ba baƙo ba ne a takardun tsofaffin gine-gine.

Saura kwana ɗaya wa'adinmu ya cika muka zauna ni da maiɗakina muka auna. Janyewa tana hannunmu, kuma za a mayar mana da kafin alƙalaminmu, sai dai duk benen da kuɗinmu zai iya saya sa'an wannan ne a shekaru, kuma wannan aƙalla an san ciwonsa an rubuta. Muka mayar da tayi cewa mai sayarwa ya gyara mahaɗan wutar ya kawo takardar hukuma kafin ranar miƙa makulli, ya kuma rage dala dubu 20 saboda banɗaki da karo-karon da ke tafe. Ya yarda da gyaran wuta nan take, a kan ragi aka yi ta kai-komo ta bakin dillalai har dare, aka tsaya a dubu 12.

Mun tare a watan Afrilu. Da aka fasa tayil ɗin banɗaki, allon da ke baya ya ruɓe fiye da abin da kyamara ta nuna, aikin ya ci kusan dubu 4. Wasiƙar kwamiti ta iso cikin watan Nuwamba, kasonmu na gyaran wurin motoci ya kama dala dubu 9 da 'yan ɗaruruwa, a biya kashi uku. Da aka fara aikin aka rufe hawan da wurinmu yake, muka yi hunturun nan gaba ɗaya motarmu tana kwana a fili, ina fita da asuba ina kankare ƙanƙara daga gilashi kafin in kai yara makaranta.